Aikin zagayen masu larurar ƙwaƙwalwa ya fara fin ƙarfina

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin wayar da kai kan lafiyar ƙwaƙwalwa, muna bi gida-gida muna duba masu ciwon damuwa da waɗanda suka daina shan magani. Kwanan nan barci ya ƙaurace mini, labaran da na ji da rana su ne ke dawo mini da dare. Waya na yin ƙara sai gabana ya faɗi. Abin da ya fi damuna, mutum na gabana yana kuka, ni kuwa ba na jin komai, so nake ya gama in tafi. Da ba haka nake ba. In ajiye aikin ne?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ɗauka tausayinki ne ya mutu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka wannan yanayi, da ake kira burnout a Turance, a kundinta na rabe-raben cututtuka mai suna ICD-11. Ba ta kira shi cuta ba, ta ce matsin aiki ne da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Alamunsa uku: ƙarewar ƙarfi, zuciya ta yi nesa da aikin, da raguwar ƙwazo. Biyu daga ciki kin faɗa da bakinki. Tun 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya lura da hakan a masu aikin sa kai na wani asibitin kyauta a Amurka, ya ce masu himma ya fi kamawa.

Wani tsohon ma'aikaci: Ki raba lambar aiki da taki, ki sanar da kowa lokacin da kike kashe ta. Kwana guda a mako ki hana kanki aikin sam.

Wata mai kula da ma'aikata: Malam, shawararka ta yi, amma ni ina jin haushin a riƙa ce wa ma'aikaci ya huta alhali gidajen da aka ɗora masa ba su ragu ba. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki sun taɓo nauyin aiki da horar da shugabanni. 'Yar'uwa, ki sami shugabarki ku ƙirga gidajen tare, ki nemi a rage, masu tsanani a haɗa ki da abokiyar tafiya. Ki kuma nemi zama na kai-a-kai da wani ƙwararre da za ki sauke masa abin da kike ji, ba tare da kin tona asirin marasa lafiya ba. Haƙƙinki ne, ba alfarma ba.

Mai tambaya: Na gode. Amma in na kashe waya, wani ya yi yunƙurin kashe kansa da dare fa?

Ma'aikaciyar jinya: Shi ya sa ake tsara wa irinsu matakan gaggawa tun da rana: wa za a kira a gida, wane asibiti ne mafi kusa, wace lamba ce ke aiki da dare. Ki rubuta musu, ku riƙa karɓa-karɓa da abokan aiki. Ke kuma in rashin barcin da ƙuncin suka kai mako biyu, ki ga likita kafin ki yanke shawarar ajiye aiki.