Fentin bangon waje: ni da maigida mun kasa daidaitawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Allah Ya nufa mun kammala ɗan gininmu a Kano, an yi filasta sati biyu da suka wuce, saura fenti. Ni fari ƙal nake so, irin na gidajen Abuja. Maigida ya kafe a kan ruwan toka mai duhu, wai ba ya nuna datti. Mai aikinmu kuma ya ce a yi takskot kawai, wato fentin nan mai kauri da gurza-gurza. Layinmu babu kwalta, jar ƙasa ce, kwanon rufin kuma ja ne. Don Allah masu sani a ba ni shawara.

Wata 'yar uwa daga Kaduna: Wa'alaikumus salam. Fari a layin jar ƙasa? Ki rufa wa kanki asiri. Mu muka yi, damina ɗaya ruwan indararo ya fallatsa wa bangon laka har gwiwa, hunturu ya zo ya ƙarasa shi da ƙura. Ki nemi ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske, zai ma fi dacewa da jan kwanonku.

Wani mai fenti daga Zariya: Hajiya, ajiye zancen kala tukuna. Filastar sati biyu ba ta isa fenti ba, a bar ta ta kai kwana 28, in da hali ta wuce. Idan aka shafa da danshi a ciki, gishiri zai feso daga cikin bango, fentin ya kumbura ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. In ta bushe a fara shafa firama, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama bango, sannan fenti shafi biyu. Takskot kuwa, gaskiya mu masu aiki muna son sa don yana rufe asirin filasta mai tudu da kwari, amma gurzarsa ma'ajiyar ƙura ce, ba ya goguwa. In bangonku a miƙe yake, ku sayi mai santsi wanda aka rubuta na waje ne a jikin bokitin. Dulux da Berger duk suna da shi. Fenti mai mai, na get ne da ƙarafan taga. Kuma ki sa ido a kan ruwan da ake tsarma shi da shi: wani zai mayar da bokiti ɗaya mai lita 20 ya koma biyu, shekara ba ta zagayo ba sai ki shafa bango hannunki ya fito da hoda.

Wani magidanci daga Sakkwato: A gaya wa Alhaji kala mai duhu zafi take sha. A watan Afrilu bangon yamma sai ya kwana yana huci cikin ɗaki. Kuma ƙurar hunturu ta fi nunawa a kan duhu, ya duba baƙar mota kawai. Ni ƙasan bangon kaɗai na yi wa ruwan makuba, kamar mita ɗaya, sama ruwan madara.

Wata uwa: Ko ku sa tayil a ƙasan. Yaran unguwa da gawayi ba sa jin bari.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa maigida, ya yi shiru a wajen baƙar motar. Mun tsaya a kan ruwan madara, ƙasa ruwan makuba. Malam mai fenti, in na sayi galan mai lita 4 na gwada, wane bango zan shafa?

Mai fenti: Na gabas da na yamma, Hajiya. Ki duba da hantsi, ki sake dubawa da la'asar.