Me za mu kira "co-production" da Hausa?

’Yan’uwa masu rubutu kan harkar fim, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Turawa na cewa co-production idan furodusoshi na ƙasashe biyu ko fiye suka haɗa jari da ma’aikata suka yi fim guda, har kowace ƙasa ta ɗauke shi a matsayin nata.

Ku dubi fim ɗin Timbuktu na 2014. Daraktansa Abderrahmane Sissako haifaffen Muritaniya ne, a Mosko ya koyi sana’ar. Labarin na Mali ne, amma a garin Walata na Muritaniya aka ɗauki yawancinsa saboda rashin tsaro, da jarin Faransa a ciki. A 2015 ya shiga jerin biyar na ƙarshe a Oscar da sunan Muritaniya, a shekarar kuma ya lashe kyautar César bakwai a Faransa, har da ta gwarzon fim. Haka ma fim ɗin da ya ba Mahamat-Saleh Haroun na Cadi kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a 2010, akwai hannun Faransa da Beljiyam a cikinsa.

In aka zo batun suna da Hausa, farkon abin da ke zuwa baki shi ne "haɗin gwiwa". Ba laifi, sai dai ya yi faɗi. Gwamnati da kamfanin taki ma haɗin gwiwa suke yi.

Wani ya kawo "fim ɗin tarayya". Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan, domin ɗan Najeriya na ji zai zaci gwamnatin tarayya ce ta ɗauki nauyi.

Wata ’yar’uwa daga Damagaram ta ce "karo-karo". Ta burge ni, amma karo-karo tara kuɗi ne kawai. A co-production kuwa kowa na da haƙƙin mallaka, ana raba kasuwa da riba, kuma fim ɗin na iya cin tallafin da kowace ƙasa ta ware wa finafinanta. Abin da ke kai daraktocin Afirka Turai ke nan, tunda kuɗin shirya babban fim ba ya samuwa a gida cikin sauƙi.

Ni dai ina kan "fim ɗin haɗaka". Gajere ne, kuma kunne ya saba da haɗaka a siyasa da kasuwanci. In ana son fayyacewa sai a ce "haɗakar Muritaniya da Faransa". Mutanen Kannywood, ku da ke cikin sana’ar, ya zauna muku a baki?