Jiragen yaƙi masu sulke na ƙarni na 19: teku ce ta fi cin su ko abokan gaba?

Ɗan Azare:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina koyar da tarihi a sakandare, kuma akwai wani lamari da ya tsaya mini a rai. Kowa na yabon jirgin Monitor na 'yan arewacin Amurka, wanda ya tare Virginia, jirgin sulke na 'yan kudu a yaƙin basasar ƙasar, a Hampton Roads ranar 9 ga Maris 1862, suka yi ta ɓarin wuta na wajen awa huɗu ba wanda ya huda wani. To amma shekarar ba ta ƙare ba, ranar 31 ga Disamba, Monitor ya nutse a gaɓar Cape Hatteras da mutum 16, ana cikin jan sa da igiya, ba harbi ba komai, iska ce kawai da igiyar ruwa. Jirgin da ba zai iya zuwa fagen fama da kansa ba, anya za a kira shi jirgin yaƙi? Ko dai ƙasashen nan sun zuba dukiyarsu a ruwa ne? Masana a taimaka.

Injiniya Tanimu:

Wa alaikumus salam Malam. Ka kama bakin zaren, sai dai kada ka yi musu kuɗin goro. Matsalar nauyi ce. Ƙarfe mai kaurin da zai tare harsashin igwa yana da nauyi ƙwarai, don haka dole mai ƙera jirgi ya zaɓa: ko ya yi jirgi mai tudu ya suturta tsakiyarsa kawai, ko ya danne shi ƙasa ya rufe ko'ina. John Ericsson, wanda ya tsara Monitor, ya zaɓi na biyu. Bakin Monitor bai fi kamu ɗaya sama da ruwa ba, sai ɗakin igwa mai juyawa a tsakiya. A kogi ko mashigin ruwa, abokin gaba ba shi da abin harbi. A tsakiyar teku kuwa ruwa ne ke bi ta kansa yana kutsawa ta kowace kafa.

Ingila ta bi ɗaya hanyar da Warrior a 1860: gangar jiki ta ƙarfe, sulke inci 4.5 a kan katako inci 18, ga tsayi ga gudu. Bai taɓa yin yaƙi ba, amma yana nan har yau a Portsmouth.

Wanda ke ci mini rai shi ne jirgin Ingila mai suna Captain. Kyaftin Cowper Coles ya dage sai an haɗa duka biyun a jirgi ɗaya, ɗakin igwa mai juyawa a ƙasa-ƙasa, da dogayen turaku masu ɗauke da ƙyallayen iska a sama. Edward Reed, babban mai tsara jiragen rundunar, ya ce abin ba zai yi ba. Jaridu da 'yan siyasa suka goyi bayan Coles. Aka tsara bakin jirgin ya zama ƙafa 8 sama da ruwa, da aka gama ƙira nauyi ya yi yawa, ya dawo ƙafa 6 da rabi. Duk da haka aka tura shi teku. A watan Satumba 1870, cikin dare, iska ta kwantar da shi kusa da Cape Finisterre a gaɓar Sifaniya, ya kife. Kusan mutum 480 suka tafi, har da Coles ɗin, 18 kacal suka tsira. An faɗa musu, wallahi an faɗa musu, lissafin yana nan a takarda.

Hajiya Turai:

Injiniya ka yi bayani, amma Malam ya tambayi amfaninsu a yaƙi ma. Ni ina ganin a duba ranar 8 ga Maris, kwana ɗaya kafin karawar Monitor da Virginia. Virginia ya tunkuyi Cumberland ya nutsar da shi, ya ƙone Congress, duka jiragen katako na 'yan arewa, harsasansu na dukan jikinsa suna zamewa. Duk mai jirgin katako ya san zamaninsa ya wuce daga wannan rana. Dama tun Sinop a 1853, da Rasha ta ƙone jiragen Daular Usmaniyya da harsashi mai fashewa, an ga alama. Sulken nan kamar lifidi ne a kan doki, yana rage masa gudu, amma wa zai yarda ya shiga ruwan kibau babu shi?

Ɗan Azare:

Na gamsu da wannan, Hajiya. To idan mai sulke ya gamu da mai sulke fa, tunda igwa ba ta huda su?

Injiniya Tanimu:

Nan ne aka yi ɓatan kai, Malam. A Lissa, 20 ga Yuli 1866, jirgin kwamanda Tegetthoff na Ostiriya, Ferdinand Max, ya soki jirgin Italiya mai suna Re d'Italia da ƙahon ƙarfen da ke goshinsa, ya nutse nan take. Sai kowa ya ɗauka tunkuyi ne maganin sulke, aka yi shekaru ana dasa wa jirage ƙaho. Ƙahon nan 'yan gida ya fi kashewa. A rundunar Ingila, Iron Duke ya nutsar da Vanguard cikin hazo a 1875, Camperdown ya nutsar da Victoria a 1893 ana atisaye a gaɓar Tarabulus ta Labanan, mutum 358 suka mutu.

In kana son ka nuna wa ɗalibanka wanda ya ci kuɗinsa, ka ba su labarin Huáscar na Peru. Ƙaramin jirgi ne da aka ƙera a Ingila, ɗakin igwarsa ma ƙirar Coles ne, amma ba a jibga masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. A 1879, a yaƙin Peru da Chile, a hannun kwamandansa Miguel Grau, ya nutsar da Esmeralda na Chile a Iquique, ya hana Chile sakat na tsawon watanni, har sai da suka yi masa taron dangi a Angamos ranar 8 ga Oktoba, Grau ya mutu a kansa, suka kame jirgin. Yana Talcahuano ta Chile yanzu, ana shiga kallo.