Muhawara: Haɗa nob da feda da sinti ɓata lokaci ne?

Mai Studiyo: Salamu alaikum jama'a. Ni fa ina nan kan bakana: zaman haɗa nob (maɓallin murɗawa) da fedar kibod da sinti (manhajar ƙirƙirar sautin kiɗa) na cikin kwamfuta ɓata lokaci ne. Saƙon CC da nob ke aikawa ta MIDI, yaren da kibod ke magana da kwamfuta, daga 0 zuwa 127 yake tafiya, mataki 128 ke nan kacal, tsarin da ya fito tun 1983. Da mawus kuwa sai ka ja layin otomeshin, mai sarrafa sautin da kansa, yadda ranka yake so, sumul.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Oga, lissafinka daidai ne, hukuncin ne ban yarda da shi ba. Inda ƙarancin matakan ya fi damun kunne shi ne cutoff na filta, wato iyakar da matatar sauti ke yanke amo. Daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz kusan oktef 10 ne, to in ka raba su 128, kowane mataki ya kusa tazarar maɓalli ɗaya a piyano. Ka ɗaga resonance, mai ƙara kaifin sauti a bakin cutoff, ka murɗa a hankali, za ka ji sautin yana hawa kamar mai taka tsani. Amma wa ya ce sai nob ya ratsa duk wannan nisan? A manhajar haɗa kiɗa ta Ableton ka danna Ctrl+M, ka gyara Min da Max, ka taƙaita shi inda waƙar take buƙata. A manhajar FL Studio kuma, cikin akwatin Link to controller akwai Smoothing, shi ke goge tsallen.

Mai Piyano: Allah ya saka, Injiniya. Yallaɓai, mawus abu ɗaya yake taɓawa a lokaci guda. Ni kuwa in mawaƙiya ta ja murya a ƙarshen baiti, hannun dama na kan maɓallai, na hagu yana tura wilin CC1 sautin ya yi rawa, ƙafata na kan fedar CC11 tana sassauta ƙarfi. Numfashinta nake bi. In an ce a zana wannan daga baya, sai dai a kwaikwaya.

Ɗan Koyo: Yayyena ku yi haƙuri in sa baki. Abin da Oga ya faɗa ya taɓa ni, domin da na canza sauti, nob ɗina yana can ƙarshe, na cikin kwamfuta yana tsakiya. Ina taɓawa sai sautin ya yi wuf ya fashe a sifika.

Injiniya: Ƙanena, kunna Pickup. Ba abin da zai motsa sai nob ɗinka ya iso daidai inda na allo yake. Ableton ma yana da Value Scaling, mai jawo su biyun su haɗu sannu a hankali.

Mai Studiyo: To kun ji. Gyara kan gyara. Ga mai waƙa zaune ya biya kuɗin awa, ga janareta na shan mai, ni kuma ina laluben wane nob ne ya kama wane. Gobe in buɗe sabon aiki, haɗin ya tsaya a tsohon fayil.

Mai Piyano: Nan kam kana da gaskiya, shi ya sa ba a yin sa gaban mai waƙa. Sau ɗaya ake zama, a adana shi a matsayin tamfulet, fayil ɗin da ake fara kowane sabon aiki da shi. Kuma kada a haɗa komai da komai. Nob takwas ne a kibod ɗin Akai MPK Mini, ni huɗu nake ba macro na sintin Vital (macro ɗaya kan juya abubuwa da yawa tare), sauran cutoff a CC74, resonance a CC71, sai attack da release, wato saurin tashin sauti da ɓacewarsa. Kowane sinti na buɗe, jerin nan nake bi, har yatsuna suka haddace.

Injiniya: In kuma matakan ne damuwarka, MIDI na da yana iya haɗa CC biyu ya ba da mataki 16,384, muddin na'urarka da sintin sun gane hakan. MIDI 2.0 na 2020 ya wuce nan nesa ba kusa ba.

Mai Studiyo: Wajen kiɗan kai-tsaye na sallama muku. Wajen miksin kuwa ban sauka ba, can ina son lamba ta tsaya cak inda na ajiye ta. Mai Piyano, turo mana layi ɗaya da ka murɗa da hannu, ni ma in zana nawa, jama'a su saurara ba tare da an faɗa musu wanne ne na wa ba.

Mai Piyano: Na yarda. Bayan Isha'i insha Allahu.