Lita uku za su kai ni yamma a hamada?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimake ni, kwana uku ke nan barci ya gagare ni. Shekara biyu ina zaune ba aiki, sai mijin yayata ya yi mini hanya wajen wasu masu awon ƙasa, alhali da ba ma ga maciji da shi saboda wata magana da ba sai na tono ta a nan ba. In na ba shi kunya, yayata ce za ta sha gori, ita kuma ta sha wahalata tun ina ƙarami. Aikin sati uku ne cikin hamada, daga ƙarshen Agusta. Mota za ta sauke mu shida na safe, ta dawo biyar na yamma. Na haɗa baƙar jakar goyo, gora biyu masu lita ɗaya da rabi, rigunan ƙwallo uku masu gajeren hannu, sabon takalmin but, hular hana-salla da fawa banki. Me ya rage?

Tsohon direba: Wa alaikumus salam. Yaro, awa 11 da lita uku? Mai aiki a irin wannan rana yana zubar da gumin da ya kai lita ɗaya cikin awa guda, wani lokacin ya fi, kuma ba zai gani ba don iska tana busar da shi nan take. Ƙasa da lita takwas kada ka sauka daga mota. Kowace lita kilo ɗaya ce, sai ka lissafa ko jakarka za ta ɗauka. Raba ruwan a gorori da yawa, in ɗaya ta huje ba ka rasa duka ba.

Mai tambaya: Baba, ni fa ba mai yawan shan ruwa ba ne tun asali. Jakar kuma budurwata ce ta saya mini, ba zan iya ajiye ta ba.

Tsohon direba: Rana ba ta san budurwarka ba.

Ma'aikaciyar jinya: Ƙanena, ba ka faɗa mana ba, akwai inda za ku ƙara ruwa da rana? Kilomita nawa za ku taka? A kan waɗannan ne ake lissafi. Kuma Baba ya manta gishiri. Wanda ya yi ta ɗura ruwa zalla yana gumi, gishirin jininsa na iya sauka, ya kamu da ciwon kai da amai. Tafi da ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa, ko ka haɗa: lita ɗaya, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Sha ruwa cikin kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, kada ka jira ƙishirwa. Fitsari ya yi duhu, ka ƙara. In abokin aiki ya fara sambatu ko tangaɗi, a kai shi inuwa a jiƙa shi, a nemi taimako nan take.

Tsohon direba: Ban manta ba, Malama, ban zo wurin ba ne. Rigunan nan na roba ka bar su a gida. Farar auduga, sakakkiya, mai dogon hannu, ita ke riƙe gumi ta sanyaya jiki. Hana-salla ba ta rufe kunne da ƙeya, nemi malafa da dogon ƙyalle na rufe hanci in iska ta taso da rairayi. Tabarau. Ƙaramin tamfol da igiya don inuwar tsakar rana. Ka naɗe gora da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan zai yi sanyi. Takalmi kuwa, kullum ka zazzage shi kafin ka sa ƙafa, kunama na son ciki.

Mai hawan duwatsu: Baba, a nan na saɓa. Auduga in ta jiƙe ƙarƙashin jaka goge fata take yi har ta saluɓe. Akwai rigunan roba masu dogon hannu da aka yi don rana. Abin da ya fi damuna sabon but ɗin ne. Ka fara yawo da shi yau, ka riƙe safa biyu da filasta, in ba haka ba kwana biyu bororo zai zaunar da kai.

Wani ɗan'uwa: Ku kuna ta riga da takalmi. Ni haka wani kamfani ya ce tankin ruwa zai riƙa bin mu, muka kwana tara ba mu ga tanki ba, da muka yi magana aka ce mun cika ƙorafi. Har yau kuɗin satina na ƙarshe yana hannunsu. Shekara huɗu! Wanda ya kai ni ma ya daina ɗaga wayata.

Ma'aikaciyar jinya: Allah ya fitar maka da haƙƙinka. Ƙanena, jiki na ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da zafi, ka lallaɓa a satin farko. Kada kuma ku fake a busasshen kwari. A wasu hamadu lokacin hadari ne, ruwan da aka yi nesa kan gangaro ba sallama.

Tsohon direba: Waya ma kada ka dogara da ita, zafi na kashe ta, sabis kuma babu. Usur, ɗan madubi, tocila. Ranar da mota ta lalace za ka tuna da ni.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Amma mijin yayata ya ce su lita uku suke ɗauka, kuma ba na so ranar farko a ga na zo da kaya niƙi-niƙi kamar mai ƙaura. Zan ƙara gora ɗaya. But ɗin kuma mai tsada ne, ba na jin zai ci ƙafa.

Ma'aikaciyar jinya: Har yanzu ba ka amsa ba. Akwai ruwa a wurin, ko babu?

Mai tambaya: Anti, kunyar tambayarsa nake ji. Wai shin fawa banki ɗaya zai isa?