Gidan haya na farko: lissafi ya ƙi fita

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka riga ni shiga harkar gidajen haya, ku taimaka.

Na samu wani tsohon gida, amma abin da na tara rabin kuɗinsa ne kawai. Da na lissafa hayar shekara, na cire gyaran rufi, haraji, la'adar dillali da watannin da zai zauna babu ɗan haya, ragowar ba ta kai biyan bashin banki ba. Nan na cije, kuma raina na son gidan.

In riƙa cikawa daga albashina har ya yi daraja, ko in haƙura in nemi ƙarami? Takardun mallaka kuma, lauya kaɗai ya isa ya tantance su?