Robar intakula da kilif: abin da makanikai suka yi ittifaƙi a kai

Da direbobi da makanikan manyan motocin dizil suka tattauna kan robobin da ke kai iska daga tobo (na'urar da ke matso iska da ƙarfi) zuwa intakula (mai sanyaya iskar), daga nan zuwa inji, bakinsu ya zo ɗaya a kan alamomin yoyo: mota ta rasa ƙarfi a hawa, hayaƙi ya yi baƙi, a riƙa jin fito idan an taka totur, ga shan mai.

Robar ɓangaren zafi, wadda ke kusa da tobo, ita ta fi saurin lalacewa. A matsa ta da hannu in inji ya huce. Idan ta yi laushi ko ta kumbura, ko baƙin mai ya jiƙa bakinta, a canza ta kawai. Faci ba ya riƙe iskar tobo.

Kilif, wato zoben ƙarfen da ke ɗaure bakin robar a kan bututu, shi aka fi daɗewa ana tattaunawa a kai. Masu gogewa sun fi son mai sifirin, domin yana bin robar in ta buɗe da zafi ta kuma tsuke da sanyi. A goge bakin bututun ƙarfe tas, kada a bar maiƙo, a zaunar da kilif a bayan ƙullin bakin, ba a kansa ba. Kada a ɗaure fiye da kima, yana yanka roba. Bayan tafiyar farko a sake duba ɗaurin.

Wajen neman yoyo, a toshe bakunan hanyar iskar, a hura iska daidai yadda littafin motar ya ce, a fesa ruwan sabulu. Inda kumfa ya taso, nan ne. Tsumman da aka toshe bututu da shi kuwa, a cire shi kafin a haɗa, kada inji ya zuƙe shi.